Yadda akwatin jeri na ƙirar hannu yake gane layin da linzami ya taɓa

Mai rubuta manhajar kwamfuta yakan kai wani matsayi da akwatin jerin da Windows ya zo da shi ba ya isarsa. Yana son kowane layi ya ɗauki hoto ƙarami da suna da kwanan wata, sannan can gefen dama a sami maɓallin gogewa. Sai ya zana nasa akwatin. Zanen ba ya cika ba da wuya. Inda ake shan fama shi ne linzami: a danna layi na biyar sai na shida ya buɗe, ko hasken da ke bin kibiyar linzami ya maƙale a kan layi bayan kibiyar ta bar wurin tuni, ko mutum ya goge abu ɗaya biyu su tafi.

Tushen duk wannan guda ne. A wurin Windows, layin da ke cikin jeri ba taga ba ne. Tagar da ya sani ita ce akwatin gaba ɗaya, shi ke da lambar HWND, wato lambar shaidar da Windows ke ba kowace taga. Layukan da ke ciki fenti ne kawai da manhaja ta shafa. Saboda haka in aka motsa linzami ko aka danna shi, saƙon da ke zuwa, WM_MOUSEMOVE ne ko WM_LBUTTONDOWN, ba ya cewa "an taɓa layi na kaza". Lambobi biyu kaɗai yake kawowa, x da y, waɗanda aka auno daga kusurwar sama ta hagu ta cikin akwatin. Mayar da waɗannan lambobi zuwa layi, da riƙe abin da ya faru tsakanin saƙo da saƙo, duk a wuyan mai ƙirar suke.

Mu fara da fito da lambobin kansu. Suna zuwa ne a dunƙule cikin lParam, ɗaya daga cikin lambobi biyu da ke rakiyar kowane saƙo (ɗayar ita ce wParam), kuma har yanzu ana cin karo da tsohon rubutu mai raba su da LOWORD da HIWORD. Waɗannan biyun ba su san lambar da ke ƙasa da sifili ba. In y ya zo a matsayin -5, HIWORD zai ba ka 65531. Lamba ƙasa da sifili kuwa tana zuwa, ko dai lokacin da akwatin ya riƙe linzami (wato yana ci gaba da karɓar saƙonninsa ko kibiya ta fita) aka ja shi sama da bakinsa, ko kuma, a saƙonnin da ke auna wuri daga allo gaba ɗaya, a kwamfuta mai allo biyu da aka ajiye na biyun a hagun babban. Abin da ya dace shi ne GET_X_LPARAM da GET_Y_LPARAM na cikin windowsx.h, su suna kiyaye alamar.

Daga nan sai lissafin layi. Ɗauki jeri mai kanun sama na fiksel 24 (fiksel shi ne ɗigo ɗaya na allo), kowane layi tsayinsa fiksel 32, an gungura har layi na 40 ne ke can sama. An danna a y = 150. Cire 24, saura 126. Raba da 32, ka sami 3. Haɗa da 40, layi na 43 ke nan. Yanzu a danna a kan kanun, a y = 10. Cire 24, ka sami -14. A harshen C rabon cikakkun lambobi yana datse ragowa ne ya nufi sifili, don haka -14 a raba da 32 yana ba da 0, akwatin kuma ya ɗauka layi na 40 aka taɓa alhali kibiya ba ta ma shiga cikin layukan ba. Dole a duba tun kafin rabon: in abin da ya rage bayan cire kanu bai kai sifili ba, amsa ita ce babu layi. Haka ma ta ƙasa. Jeri mai abu 7 a akwatin da zai ɗauki 15 yana da fili fari a ƙasa, danna can zai ba da lamba 12 ko 13, kuma in aka ɗauki wannan lamba aka shiga ma'ajiyar bayanai da ita ba tare da an gwada ta da adadin layuka ba, manhajar za ta rushe, ko kuma ta karanto shara ta ci gaba da aiki da ita, wanda ya fi muni.

Shawarar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce wannan lissafi ya zauna wuri ɗaya. A rubuta aiki guda da za a ba shi x da y, ya dawo da abu biyu: wane layi, da wane sashe na layin, wato jikinsa ne, akwatin tsinke ne (ɗan akwatin da ake sa wa alama, checkbox), ko maɓallin gogewa. Sannan murabba'an da wannan aiki yake gwadawa su fito daga inda mai zane yake ɗaukar nasa. In zane yana da nasa lissafi, linzami yana da nasa, ranar da aka ƙara wa maɓalli fiksel 4 a zane za a manta da ɗayan, maɓallin ya riƙa amsawa a gefensa. Ya fi fitowa fili a allon da aka ƙara wa girma: a kashi 150 cikin 100, ma'aunin DPI, wato yawan ɗigo a inci ɗaya, yana tashi daga 96 zuwa 144, layin 32 ya zama 48, kanun 24 ya zama 36. Duk inda aka rubuta 32 da hannu a cikin lissafin linzami ya zama kuskure. A lura kuma PtInRect, aikin da ke gwada ko wuri yana cikin murabba'i, ba ya ƙirga gefen dama da gefen ƙasa na murabba'i a matsayin ciki, kuma hakan daidai ne, shi ke hana fiksel ɗaya ya zama na layuka biyu.

In tsayin layuka ya bambanta, rabo ba ya aiki. A ajiye jerin inda kowane layi ya fara, a nemo ta hanyar raba jerin biyu-biyu. Layi 100,000 gwaji 17 ya ishe su. Bin su ɗaya bayan ɗaya daga farko a kowane motsin linzami shi ke sa babban jeri ya riƙa jan ƙafa.

Hasken da ke bin kibiya yana buƙatar ma'aji ɗaya: layin da kibiya take kai yanzu. A kowane WM_MOUSEMOVE a kira aikin ganowa, a kwatanta amsar da abin da ke ajiye. In ɗaya ne, a fita ba tare da taɓa komai ba. In ya canza, a kira InvalidateRect, mai neman a sake zana wuri, sau biyu, ɗaya a kan murabba'in tsohon layi, ɗaya a kan sabo. Sake zana akwatin gaba ɗaya a kowane motsi shi ne mafarin ƙyaftawar da ake gani. Kwatantawar tana da wani amfani kuma, domin Windows yakan aiko da WM_MOUSEMOVE ko linzami bai motsa ba, misali in wata taga ta bayyana ko ta gushe a ƙarƙashin kibiya.

Fitar kibiya kuwa ba a sanar da ita sai an roƙa. Da zarar ta tsallake bakin akwatin, saƙonni sun yanke ke nan, layi na ƙarshe ya zauna da haskensa. Maganin shi ne TrackMouseEvent da tutar TME_LEAVE, wanda ke sa a aiko da WM_MOUSELEAVE. Abin da ake yawan mantawa shi ne roƙon na sau ɗaya ne. Da saƙon fita ya iso an soke shi, sai an sake nema in kibiya ta dawo. Don haka a riƙe wata tuta: a WM_MOUSEMOVE, in ba ta tashe ba, a kira TrackMouseEvent a tashe ta, a WM_MOUSELEAVE a sauke ta, a share layin haske, a sake zana shi. Duk akwatin da haskensa ke gushewa daidai a fitar farko amma ya maƙale a ta biyu, wannan tuta ce babu. Siffar kibiya, kamar hannun da ke fitowa a kan maɓalli, ita kuma a WM_SETCURSOR ake sauya ta a dawo da TRUE. In aka yi a WM_MOUSEMOVE, tsarin zai riƙa mayar da kibiyar asali kafin kowane motsi, ta riƙa rawa.

Yanzu ga dannawa, inda ɓarna ta fi tsada. Danna abu biyu ne, saukar yatsa da ɗagawarsa, kuma aikinsu daban. A saukar yatsa, WM_LBUTTONDOWN, akwatin ya kira SetFocus, domin taga ta ƙirar hannu ba ta karɓar allon madannai da kanta don an danna ta. Ya gano layi da sashe, ya ajiye su tare da wurin da aka danna, ya kira SetCapture, ya zana maɓallin a lotse. Aikin kansa, gogewa ko buɗewa, sai a ɗagawa, WM_LBUTTONUP, kuma sai in kibiya tana kan layi da sashen da aka fara dannawa. Wannan shi ke ba mutum damar fasawa. Ya danna gogewa, ya ga ba wannan ba ne, ya janye kibiya gefe ya saki, babu abin da ya faru. Akwatin da ke gogewa tun a saukar yatsa ya ƙwace wa mai amfani wannan dama, kuma a ganina wannan aibi ne babba ko da sauran komai na tafiya daidai.

SetCapture shi ke sa saƙon ɗagawa ya iso ko da an saki maɓallin a wajen akwatin. Ba tare da shi ba, akwatin zai zauna yana zaton har yanzu yatsa na ƙasa. Amma riƙon yana iya kuɓucewa ba tare da ɗagawa ta zo ba: mutum ya sauya taga da Alt da Tab, ko wata tagar gargaɗi ta faɗo. A nan WM_CAPTURECHANGED ke zuwa, kuma a cikinsa ya kamata a share duk abin da aka ajiye na dannawa. Akwai tarko a nan da ya kamata a kalla da kyau. ReleaseCapture ma yana jawo WM_CAPTURECHANGED, nan take, kafin ya dawo. In a cikin WM_LBUTTONUP ka fara kiran ReleaseCapture sannan ka duba wane layi aka danna, za ka tarar an riga an share shi, dannawa ba za ta taɓa aiki ba. Tsarin da ya dace: kwafe layi da sashe zuwa ma'aji na wucin gadi, saki riƙon, kwatanta, sannan a ƙarshe sanar da uwar taga, wato tagar da akwatin yake cikinta. Sanarwar ta zama abu na ƙarshe, domin uwar tana iya rufe tagar gaba ɗaya a matsayin amsa, kuma duk abin da ka taɓa na akwatin bayan nan taɓa abin da babu shi ne.

Wane abu ake ajiyewa, lambar layi ko shaidar abin da ke kan layin? Tsakanin saukar yatsa da ɗagawarsa akwai ɗan lokaci, kuma jeri mai rai, kamar na saƙonni masu shigowa ko na fayilolin da ake saukewa, yana iya canzawa a cikinsa. Sabon saƙo ya shigo sama, kowa ya sauka da layi ɗaya. Lamba 43 tana nan, kibiya tana kan 43, amma abin da ke 43 wani ne daban. In lamba aka ajiye, gwajin zai wuce, a goge abin da mutum bai nufa ba. A ajiye shaidar da ba ta canzawa, kamar lambar rikodin a ma'ajiyar bayanai. In babu irin wannan shaida, to duk lokacin da jeri ya canza a soke dannawar da ke rataye.

Danna biyu a jere yana da nasa sharaɗi. Sai an yi wa ajin tagar rajista da CS_DBLCLKS kafin saƙonsa ya zo. In an yi, jerin saƙonnin huɗu ne: WM_LBUTTONDOWN, WM_LBUTTONUP, WM_LBUTTONDBLCLK, WM_LBUTTONUP. Na ukun ya maye gurbin saukar yatsa ta biyu. Abin da wannan ke jawowa shi ne, akwatin tsinke da ke cikin layi, in mutum ya danna shi da sauri sau biyu, sau ɗaya zai juya, domin saukar ta biyu ta zo da wani suna. A kan irin waɗannan sassa a ɗauki WM_LBUTTONDBLCLK kamar saukar yatsa ce ta yau da kullum. A jikin layi ne kawai yake nufin buɗewa.

Windows yana yanke hukuncin danna biyu ne da lokaci da tazara da kasancewar taga ɗaya ce. Lokacin GetDoubleClickTime ke bayarwa, asalinsa milisakan 500, mai kwamfuta kuma yana iya sauya shi. Tazarar tana cikin SM_CXDOUBLECLK da SM_CYDOUBLECLK, asalinta fiksel 4. Layi ba ya cikin hukuncin, tunda bai san da shi ba. Dannawa biyu a kan iyakar layuka suna iya faɗawa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ko kuma ta farko ta goge layi, na ƙasansa ya hauro, ta biyu ta same shi a daidai maɓallin gogewarsa. Nan ne abu biyu ke tafiya a madadin ɗaya. Akwatin ya riƙe shaidar abin da aka danna a karon farko. In saƙon danna biyu ya zo a kan wani abu daban, a jikin layi a ɗauke shi sabuwar dannawa ɗaya, a kan maɓallin gogewa kuwa a yi watsi da shi. Sannan a tsara aikin danna ɗaya ya zama wanda danna biyu zai ɗora a kansa, na farko ya zaɓa, na biyu ya buɗe. In ayyukan biyu suna karo da juna, dole na farko ya jira da SetTimer har lokacin danna biyu ya wuce, kuma rabin sakan na jira a kowace dannawa mutum yana jin sa a hannunsa.

Zaɓen layuka da yawa yana tafiya da wParam, inda MK_CONTROL da MK_SHIFT suke. Ctrl yana juya halin layi ɗaya. Shift yana zaɓar duk abin da ke tsakanin layin da aka danna da turke, wato layin da aka danna na ƙarshe ba tare da Shift ba. Turken ba ya motsawa a dannawar Shift; in ya motsa, mutum ba zai iya rage zaɓensa ko juya shi ta ɗaya gefen ba. Alt ba ya cikin wParam, sai a tambayi GetKeyState da VK_MENU. Akwai kuma wani wuri mai laushi: an zaɓi layi biyar, mutum ya danna ɗaya daga cikinsu don ya ja su duka. In akwatin ya rage zaɓe zuwa ɗaya tun a saukar yatsa, ja ya lalace. Don haka in an danna layin da ke cikin zaɓe, a jinkirta ragewar zuwa ɗagawa, a yi ta kawai in ba a ja ba.

Ja kansa bai kamata ya fara da motsi na farko ba, domin hannu yana ɗan girgiza a kowace dannawa. Sai kibiya ta yi nisa da wurin da aka ajiye fiye da SM_CXDRAG ko SM_CYDRAG, su ma asalinsu fiksel 4. DragDetect yana yin wannan gwaji, amma yana tsayawa a cikinsa har a yanke hukunci, kuma in an saki maɓallin a lokacin shi ke cinye saƙon ɗagawar, don haka aikin ɗagawa sai a yi shi da hannu bayan ya dawo da FALSE. In an ja kibiya ta wuce bakin ƙasa ana son jeri ya ci gaba da gungurawa, motsi ba zai wadatar ba, tunda mutum zai tsayar da hannunsa a can saƙo ya daina zuwa. Sai an kunna SetTimer, kowane bugu ya gungura, a kashe shi a WM_CAPTURECHANGED.

Saƙonni biyu suna zuwa da ma'aunin allo gaba ɗaya, saɓanin sauran: WM_MOUSEWHEEL da WM_CONTEXTMENU. Kafin a kai lambobinsu ga aikin ganowa sai an juya su da ScreenToClient. A tayar da ke kan linzami, wadda ake murzawa don gungurawa, taki ɗaya 120 ne, WHEEL_DELTA, kuma yawan layukan da za a gungura ana samunsa daga SPI_GETWHEELSCROLLLINES, asalinsa 3. Faifan taɓawa na kwamfutar cinya da linzamai masu santsi suna aiko da ƙananan lambobi da ba su kai 120 ba. In aka raba kowanne da 120 kai tsaye, amsa sifili ce kullum, jerin ba zai motsa ba. A tara su, a cire abin da ya cika, a bar ragowar don saƙo na gaba. Bayan gungurawa a sake lissafin haske da GetCursorPos, domin kibiya ba ta motsa ba amma layin da ke ƙarƙashinta ya canza.

Menu na dannawar dama a WM_CONTEXTMENU ya kamata a buɗe shi, domin shi ne ke zuwa har in an danna Shift da F10 ko maɓallin menu na allon madannai. A wannan hali x da y duka -1 suke zuwa, sai a buɗe menu a jikin layin da ke da alamar zaɓe. TrackPopupMenu yana tsayawa har mutum ya zaɓa, abin da kan ɗauki daƙiƙoƙi, jeri kuma yana iya canzawa a bayansa, don haka maganar ajiye shaida a madadin lamba ta fi ƙarfi a nan. Ga manhajar da ke rubutu daga dama, kamar ta Larabci ko ta Hausar ajami, tutar WS_EX_LAYOUTRTL tana mayar da mafarin x gefen dama, kuma MapWindowPoints ya fi aminci wajen juya murabba'i a irin wannan taga.

Wanda bai ƙera daga tushe ba, ya ɗauki ListBox na Windows yana zana layukansa da kansa, ya huta da rabin wannan aiki amma ba duka ba. LB_ITEMFROMPOINT yana dawo da layi mafi kusa da wurin, ko da wurin fili ne fari, don haka a tabbatar da LB_GETITEMRECT da PtInRect. Lambar layin kuma a cikin bit 16 take zuwa, ba ta wuce 65535. ListView yana da LVM_SUBITEMHITTEST mai faɗin layi da shafi, sai dai yana riƙe linzami a saukar yatsa don ya ga ko ja ne, shi ya sa wanda ya tare saƙonninsa da SetWindowSubclass sau da yawa ba ya ganin WM_LBUTTONUP. NM_CLICK da NM_DBLCLK su ne abin saurare a can. A WinForms, kayan ƙera tagogi na .NET, aikin ganowa shi ne IndexFromPoint, mai dawo da ListBox.NoMatches in babu layi a wurin. A Qt kuwa, wani kayan ƙera tagogi, indexAt ne, yana auna wuri daga filin kallo na ciki, maɓallan cikin layi ana kula da su a editorEvent na QStyledItemDelegate, kuma siginar entered ba ta tashi sai an kunna setMouseTracking.

Wajen gwaji, a yi shi da jeri marar komai, da mai layi ɗaya, da wanda layinsa na ƙarshe ya fito rabi. A danna maɓallin gogewa a riƙe, a ja kibiya waje har allo na biyu, a saki a can. A danna a riƙe a sauya taga da Alt da Tab, a dawo a ga ko maɓallin ya tashi. A sa wani abu ya riƙa cusa sabon layi a saman jerin kowane milisakan 200, sannan a danna gogewa sau biyu da sauri a kan layi na uku, a ƙirga abin da ya ɓace.